Me Ke Cinye Tsokar Tsoho?

 Yau za mu ajiye zancen iri da taki da ciwon dabbobi, mu yi maganar jikin mai aikin kansa, musamman idan ya manyanta.

Duk makiyayi ya san abin da bazara ke yi wa tsohon raƙumi. Tozo ne ke fara tafiya, domin kitse ne. Daga nan cinya ta zube, ƙashin kwankwaso ya fito. Idan ya durƙusa, tashi ya zama aiki. Ɗan taguwa da ya sha wahala iri ɗaya, da zarar ciyawa ta fito sai ya murmure cikin ƴan makonni. Shi kuwa tsohon, ko an yi damina mai kyau, ba ya komawa yadda yake. To haka mutum yake. Za ku ga dattijo yana cin tuwonsa, ba ya kwance, amma damtsensa ya saki, sha-raɓarsa ta yi siriri, buhun da yake ɗauka shi kaɗai yanzu sai an kama masa. In zai tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa, ko ya nemi bango. Mukan ce tsufa ne, mu yi shiru. Tsufa ne, gaskiya. Amma likitoci sun gano cewa akwai abin da ke gaggauta shi, akwai kuma abin da ke jinkirta shi.

A shekarar 1989 wani likitan Amurka mai suna Irwin Rosenberg ya raɗa wa wannan hali suna, ya ce da shi sarkofeniya. Kalmar daga harshen Girka take, ma'anarta talaucin tsoka. Bisa awon da aka yi, daga shekara 30 mutum yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma. Bayan shekara 60 abin yakan ƙara sauri. Ƙarfi ma ya fi girman tsokar saurin tafiya. Daga nan ne ake samun faɗuwa, da karayar ƙugu, da doguwar kwanciya wadda tsofaffi da yawa ba sa tashi daga gare ta.

Garuruwan ma'adini sun yi tsofaffi

Wannan magana ta shafi jihar Agadas ƙwarai a yanzu. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971. Kamfanin Cominak kuma aka kafa shi a 1974, ya fara aiki a ramin Akuta a 1978, ma'aikatansa suka zauna a Akokan. Samari suka yi ta zuwa daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Doso. Farin 1973 da na 1984 ya karkashe dabbobi, ya koro makiyaya da yawa zuwa bukkokin gefen gari. Saurayin da ya shiga ramin Akuta yana ɗan shekara 20 a 1978, yana sauka mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, yau ya doshi 70.

An rufe Cominak ranar 31 ga watan Maris na 2021. A Imuraren kuwa, wadda ke wajen kilomita 80 kudu da Arlit, tun 1966 aka gano ma'adinin. Shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashin aikin a 2009, amma wajen 2015 aka dakatar da shi tun ba a fara fitar da yuraniyom ba, kuma a watan Yuni na 2024 gwamnatin Nijar ta karɓe lasisin daga hannun kamfanin Orano na Faransa. Ba siyasar abin za mu tattauna a nan ba. Abin da ya dame mu shi ne mutumin da ya yi shekara 30 yana aikin ƙarfi, yana samun albashin sayen nama, rana ɗaya ya koma zaman inuwa da shan shayi, cefane kuma ya ragu. Aiki ya tsaya, nama ya ragu, shekaru sun hau. Abubuwan nan uku idan suka haɗu a jiki ɗaya, tsoka ce ke biyan kuɗin. Wasu daga cikinsu sun koma ƙauyukansu na kudu, suna cikin gidajenku yanzu.

Jiki gini ne da ba a gama shi

Ku ɗauki tsoka kamar katangar ƙasa. Kowace damina ruwa yana zaizaye ta, kowane rani mai gida yana yi mata yaɓe. Muddin yaɓe ya kai abin da ruwa ya ci, katanga tana tsaye. A jikin mutum wannan rushewa da yaɓe kullum ake yin su, dare da rana. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na tsoka jiki ke rushewa ya sake ginawa a kowace rana.

Abin da ake yin yaɓen da shi, shi ne sinadarin gina jiki da ake kira furotin. Yana cikin nama da nono da ƙwai da kifi da wake da gyaɗa, akwai shi kuma cikin hatsi. Idan mutum ya ci, ciki da hanji sukan farfasa shi zuwa ƙananan tubala. Su ake kira amino asid. Iri 20 ne. Jiki yana iya ƙera 11 da kansa, amma 9 dole sai daga abinci. Jini ya kwashe su ya kai wa tsoka.

Ga inda tsufa ke shigowa. Saurayi idan ya ci abinci ko kaɗan ne, tsokarsa takan ji, ta kama gini nan da nan. Ta tsoho ta yi nauyin kunne, sai an ɗaga murya. An auna an ga cewa a ci ɗaya tsoho yana bukatar furotin fiye da na saurayi da kamar rabi ko sama da haka kafin tsokarsa ta motsa sosai. Mu kuwa a gidajenmu akasin haka muke yi. Mukan ce tsoho ba ya aiki, kunu ya ishe shi.

Ba duk tubalan nan ne ke shiga gini ba. Wasu jiki yana sarrafa su su zama wani abu dabam. Mata masu ƙuli sun fi kowa gane wannan. Gyaɗa ɗaya ce, amma idan aka soya aka niƙa aka matsa, ga mai, ga tunkuza, ga ɓawo. Haka amino asid, idan hanta da tsoka da ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji suka sarrafa su, sai su haifi ƴaƴa. Cikin ƴaƴan nan akwai masu taimakon tsoka, akwai masu cin ta. Sunayensu baƙi ne, ba lalle ku haddace su ba. Aikinsu za ku riƙe.

Lusin da ɗansa

Cikin tubala 9 da ake samu daga abinci akwai wanda ake kira lusin. Shi tubali ne, kuma shi ne mai shela. Idan ya yi yawa cikin jini bayan cin abinci, shi ke gaya wa tsoka cewa kaya sun iso, a fara gini. Nono da cuku da nama da ƙwai suna da shi da yawa, waken suya da wake ma ba laifi.

Kashi 5 cikin 100 na lusin jiki yana mayar da shi wani sinadari da ake taƙaita sunansa da HMB. Aikin wannan shi ne rage rushewa. Abin sha'awa, malaman kiwo ne suka fara kula da shi. Wani malami mai suna Steven Nissen, a jami'ar jihar Iowa ta Amurka, a kan dabbobin kiwo ya fara gwada shi kafin a zo ga mutane wajen 1996. A 2016 wani bincike a Indiya ya nuna cewa wannan sinadari ya fi ƙaranci a jinin tsofaffi. A 2013 kuma an kwantar da wasu tsofaffi masu lafiya kwana 10 a gado a Amurka, aka ba wasunsu giram 3 na HMB kullum, aka ga tsokarsu ba ta zube kamar ta sauran ba.

Kada wannan ya sa ku bazama kasuwa neman gwangwani. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su zo da amsa ɗaya ba, wasu sun ga amfani, wasu ba su gani ba, musamman ga tsohon da ke cin abinci mai kyau yana motsa jiki. Kuma yana da tsada. Kuɗin gwangwani ɗaya ya sayi tiyoyin wake masu yawa.

Kinurenin, ɗan da ya juya wa gida baya

A nan za mu ɗan daɗe, domin wannan ya fi shafar tsofaffin ma'aikatan rami.

Akwai wani tubali da ake kira tiriftofan. Jiki yana bukatarsa ƙwarai. Da shi ake yin sinadaran da ke daidaita barci da kwanciyar rai, da shi kuma ake yin wani bitamin da tsoka ke amfani da shi wajen samun kuzari. Amma mafi yawansa, fiye da kashi 90 cikin 100, ta wata hanya yake bi inda ake fara mayar da shi wani abu mai suna kinurenin. Ga mai lafiya wannan ba matsala ba ne. Kinurenin zango ne kawai a kan hanya, ana sauka a tashi.

Matsala tana zuwa idan jiki yana cikin yaƙi. Duk lokacin da cuta ta shiga, sojojin jini sukan tashi, su hura wata wuta a jiki. Ita ce kuke ji a matsayin masassara ko kumburi. Cikin dabarun yaƙin akwai gaggauta mayar da tiriftofan ya zama kinurenin, don a hana ƙwayar cuta abinci. Dabara ce mai kyau idan yaƙin na kwana uku ne. To amma jikin tsoho sau da yawa wutar ba ta mutuwa sarai. Tana nan tana ci a ƙarƙashin toka, shekara da shekaru, ba tare da mutum ya ji zazzaɓi ba. Ruɓaɓɓen haƙori yana hura ta. Tsohon miki da ya ƙi warkewa yana hura ta. Haka tarin fuka, da ciwon sukari, da teɓa mai yawa, da huhun da ƙurar dutse ko hayaƙin taba ya lalata. Saboda haka kinurenin yakan taru a jinin tsofaffi fiye da na matasa.

A 2019 masu bincike a jami'ar Augusta ta Amurka suka ba ɓeraye matasa kinurenin. Tsokarsu ta rame, ƙarfinsu ya ragu, suka yi kama da tsofaffi. Da suka toshe hanyar yin sa a jikin tsofaffin ɓeraye, sai zaren tsokarsu ya ƙara kauri. Ɓera ba mutum ba ne, ku riƙe wannan. Amma a mutane ma an auna an ga cewa tsofaffin da kinurenin ya yi yawa a jininsu sun fi raunin damƙa da jinkirin tafiya.

Maganin kuwa yana cikin tsokar kanta. A 2014 malamai a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka gano cewa tsokar da ta saba aiki tana ƙera wani sinadari mai kama kinurenin ya juya shi zuwa wani iri da ba ya cutarwa kamarsa. Watau tsoka mai aiki tana share gidanta da kanta. Wadda aka bari a zaune, sharar tana taruwa, ita kuma tana ƙara ramewa, ramewar tana ƙara hana ta shara. Shi ya sa tsohon mai lambu a Timiya ko Tabelot, wanda kullum yana bin ruwa cikin fangali yana hawa dabino, sau da yawa za ku ga ya fi tsaransa da ya yi ritaya a gari ƙwari, ko da na garin ya fi shi cin daɗi.

Ƙoda, da dattin da ba ya fita

Tiriftofan yana da wani ɗa kuma. Abin da hanji bai tsotse ba, ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin babban hanji sukan ci shi su fitar da wani abu. Hanta ta karɓa ta mayar da shi indoksil salfet, ƙoda kuma ta zubar da shi cikin fitsari. Idan ƙoda tana da lafiya, zance ya ƙare. Idan ta gaza, sai ya taru cikin jini ya shiga tsoka. A 2016 masu bincike a Japan suka nuna cewa yana lalata ƙananan murahun da ke cikin tsoka masu ba ta kuzari, yana kuma gaggauta rushewa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa mai ciwon ƙoda yake zubewa.

Manyan masu kashe ƙoda su ne hawan jini da ciwon sukari. Bayansu akwai aiki cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwa ba, da yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan tebur, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. A ƙasar Arlit akwai ƙarin dalili. Yuraniyom ƙarfe ne mai nauyi, kuma an daɗe da sanin cewa idan ya shiga jiki da yawa ƙoda yake fara taɓawa. A rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2010, ta ce cikin ruwa biyar da ta ɗiba a yankin, huɗu sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa ruwan sha. Ƙungiyar Aghir in'Man ta Arlit ma ta daɗe tana magana a kan ƙura da ruwa. Shawararmu ga duk wanda ya yi shekaru a wuraren nan, ma'aikaci ne ko matarsa, ita ce ya je a auna jininsa da fitsarinsa ko sau ɗaya ne a shekara, ya kuma gaya wa likita inda ya zauna da aikin da ya yi.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani game da awon. Likita yakan duba wani sinadari mai suna kiriyatinin cikin jini don ya san lafiyar ƙoda. Shi wannan daga tsoka yake fitowa. Asalinsa kiriyatin ne, wanda ƙoda da hanta ke haɗawa daga tubala uku, tsoka kuma ta ajiye shi don aikin gaggawa kamar tashi tsaye ko ɗaga kaya. Tsohon da tsokarsa ta zube ba ya fitar da kiriyatinin da yawa, saboda haka awonsa yana iya nuna lafiya alhali ƙodar ta fara gajiya. In tsohonku ya rame ƙwarai, ku roƙi a haɗa da awon fitsari.

Ku lura da kyau: wanda likita ya tabbatar yana da ciwon ƙoda, shawarar ƙara nama da wake da za mu bayar a ƙasa ba tasa ba ce. Shi likita ne zai auna masa abin da zai ci.

Biyu da za mu wuce da sauri

Akwai homosistin, ɗan wani tubali mai suna metiyonin. Yakan taru idan jiki ya rasa bitamin B12 da wani bitamin na ganye. B12 daga nono da nama da hanta da ƙwai da kifi ake samunsa, babu shi a hatsi. Cikin tsoho ba ya tsotsarsa sosai, kuma maganin sukari da ake kira metformin yana ƙara rage shi idan an daɗe ana sha. An ga masu homosistin da yawa sun fi rauni. Amma da aka yi gwaji a ƙasar Holan, aka ba tsofaffi kusan 3,000 ko dai ƙwayar waɗannan bitamin ko ƙwayar da babu su cikinta har shekara biyu, ba a ga ƙarfin masu shan bitamin ya fi na sauran ba. Ƙwaya ba ta maye gurbin akushi.

Sai torin. A 2023 wani bincike daga jami'ar Columbia ya ce yana raguwa da tsufa, ɓerayen da aka ba shi kuma sun fi daɗewa. Duniya ta ɗauka. A 2025 wasu masu bincike na gwamnatin Amurka suka auna mutane da birai da ɓeraye, suka ce su ba su ga yana raguwa da shekaru ba. Mun kawo wannan ne domin lemon gwangwani na ƙara kuzari da samari ke sha yana ɗauke da torin. Kada wani ya ce zai saya wa kakansa. Sukari da maganin hana barcin da ke ciki ba alheri ba ne ga mai hawan jini.

Kwanciya ta fi yunwa ɓarna

A 2007 a Amurka aka kwantar da tsofaffi masu lafiya, masu kimanin shekara 67, kwana 10 a gado, ana ba su abinci isasshe. Da aka auna, a matsakaici kowanne ya rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Kwana 10 kawai. Ku tuna da wannan idan tsohuwarku ta yi zazzaɓin cizon sauro ko an yi mata aiki. Mu tausayinmu shi ne mu ce kwanta, kada ki motsa, ga ruwa, ga buta. Da zarar zazzaɓi ya sauka kuma likita ya yarda, a zaunar da ita, a tayar da ita, a riƙe ta ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo.

Kada kuma a ce lokaci ya wuce. A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone ta ɗauki tsofaffi 10 a wani gidan tsofaffi a birnin Boston, shekarunsu daga 86 zuwa 96. Ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako 8. Ƙarfin ƙafarsu ya ninka fiye da sau biyu, cinyarsu ta ƙara kauri. Ba na'ura ce ta yi aikin ba, nauyin ne. Tsoho yana iya zama ya tashi daga kan turmi sau goma, safe da yamma. Yana iya ɗaga jarkar lita 5 da kowane hannu. Tsohuwa a bar mata dakanta da sussukarta daidai ƙarfinta. A bar dattijo ya taka zuwa masallaci da kasuwa, ya kai awaki bakin rijiya. Ɗan da ya karɓe wa mahaifinsa kowane aiki don ladabi, niyyarsa mai kyau ce, amma ya bar masa wani abu. A zafin Arlit a yi wannan da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa.

Yadda za ku gane a gida

Likitocin Turai sun fitar da awo mai sauƙi a 2019. A zaunar da tsoho a kujera, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar a jere. Idan ya wuce sakan 15, ko ya kasa sai da dafawa, ƙarfin ƙafa ya ragu. A auna mita 4 a tsakar gida, ya taka yadda ya saba. Idan ya kai sakan 5 ko ya wuce, tafiyarsa ta yi nauyi. Ana kuma auna kaurin sha-raɓa, ƙasa da santimita 31 alama ce. Sai dai a jikin Turawa aka yi wannan awo, mutanenmu na Abzin da Fulani da yawa sirara ne tun asali. Abin da ya fi shi ne a zagaya sha-raɓar da zare a ƙulla, a rataye, bayan wata uku a sake gwadawa. Idan zaren ya yi sako-sako, a je likita, domin rama mai sauri tana iya zama tarin fuka ko sukari ko wani ciwon da ke ɓoye.

Akushin tsoho

Masana abincin tsofaffi sun ba da shawara a 2013 cewa wanda ya wuce 65 ya samu giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa, kullum. Tsoho mai kilo 60 ke nan yana bukatar giram 60 zuwa 72. Gero giram 100 yana da wajen giram 11. Wake busasshe giram 100 yana da wajen 23, gyaɗa wajen 25, ƙuli-ƙuli ya fi haka tun da an cire mai. Ƙwai ɗaya yana da 6. Litar madara tana da wajen 33.

Ga lissafi. Gero giram 300 a yini, tsakanin fura da tuwo, ya ba da 33. Rabin litar nono ya ba da 16, in ba a cika shi da ruwa ba, kuma kun san halin kasuwa. Wake giram 100 ya ba da 23. Jimla 72. An kai, ba tare da an yanka kome ba. Amma in gero ne kaɗai, sai tsoho ya ci fiye da rabin kilo, cikinsa ba zai ɗauka ba, kuma ko ya ɗauka gero da dawa suna da ƙarancin wani tubali mai suna laisin. Wake yana da shi da yawa, shi kuma waken yana da ƙarancin metiyonin wanda gero ke da shi. Kakanninmu da suka shuka gero da wake a gona ɗaya, suka haɗa su a tukunya ɗaya, sun yi daidai tun ba a san sunayen nan ba. A arewa kuma furar da Abzinawa ke damawa da gero da cuku da dabino, wadda ta daɗe tana kai ayarin gishiri Bilma da Fashi, abinci ne na ƙwarai ga tsoho.

Kada a tara masa duka a tuwon dare. Tun da kunnen tsokar ya yi nauyi, gara kowane ci ya zama da abin kirki a ciki, sau uku a yini. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai ko alale. Da rana fura da nono mai kauri. Da dare tuwo da miyar da aka sa wa daddawa da garin ƙuli ko wake. Kwaɗon zogale da ƙuli yana kawo furotin da bitamin na ganye tare. Awara tana da laushi, ta dace da marar haƙori. Fara ma abinci ce mai gina jiki, amma banda wadda aka kama inda aka yi feshin magani.

Haƙori shi ne babban abin da ke raba tsoho da nama. Ana miƙa masa tsoka don girmamawa, ya juya ta a baki, ya miƙa wa jika. A daka kilishi ko busasshen kifi a barbaɗa masa a miya. A dafa wake ya yi lugub, a cire ɓawon in yana kumbura masa ciki. Tsofaffin mata sun fi shiga wannan hali, domin su ne ke ci a ƙarshe, kuma su ne ba sa cewa ba su ƙoshi ba. Muna ganin yadda ake kiwata ragon layya, harawa da dusa da kanwa a kan lokaci, har a tashi da dare a duba shi. Tsohuwar da ke ɗakin baya ba ta kai a ba ta ƙwai ɗaya a yini ba?

Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Amma da kaka mukan sayar da shi duka da araha saboda tsoron ƙwari, da bazara kuma, lokacin da nono ya ƙafe tsoho ya fi bukatarsa, mu sayo da tsada ko mu haƙura. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ya shigo ƙasar nan tun 2007, yana ajiye wake watanni ba tare da an zuba magani ba, muddin waken ya bushe sarai, aka matse iska, aka ɗaure kowane ruɓi dabam. Tsoho ɗaya mai cin giram 100 a yini, kilo 3 yake bukata a wata. Daga watan Maris zuwa Satumba, wata bakwai, kilo 21 ke nan. Masu ƴan'uwa a Arlit da Akokan da ƙauyukan kewayen Imuraren, inda kusan kowane abinci sai mota ta hauro da shi daga kudu, in za ku aika saƙon kaka ku sa wannan a ciki.